Farin Ƙyalle a Ɗakin Jego

Idan matan unguwarmu a Gusau suka tambaye ni aikin Yayana, nakan ce musu iska yake aunawa. Sai su kwashe da dariya. Wata ta ce, "Da mudu ko da tiya?" Ni ma in taya su, don ba kowa ake buɗe wa ciki ba. Karatuna bai wuce na allo da ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci ba, saboda haka ba zan iya kiran sunan iliminsa yadda Turawa suke kira ba. Shi dai ya ce mini sanin abin da ke cikin abu ne: abin da ke cikin ruwa, da ƙasa, da toka, da iskar da muke shaƙa ba ma ganinta. Amma inda ya fara awon, wannan na sani, don a ɗakin da na yi jegona na fari ne, a gidanmu na Bungudu.

Yaya ne ɗan fari a wurin Inna, ni ce auta. Baba malamin ofishin hakimi ne, shi ya sa da aka zo neman yaran boko bai ɓoye nasa ba. Daga elementare aka kai Yaya Sakkwato, daga can Zariya, daga Zariya sai babbar makarantar Badun. Duk tsawon wannan tafiya ban taɓa jin Inna ta kira sunansa ba. Kunyar ɗan fari take yi irin ta mutanen da, wadda ba ta da sassauci. In ya shigo gaishe ta, sai ta dubi tukunya ta amsa. In tana da magana, Gwaggo ce tangaraho. Gwaggo yayar Baba ce, mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da zama, bakinta kuwa ba ya hutawa. Yaya yana zaune a kan tabarma, tsakaninsa da Inna bai fi kamu uku ba, sai ka ji Inna ta ce, "A tambayi wancan yaro ko ya ci abinci." Gwaggo ta juya ta tambaye shi, ya amsa, ta juya ta maimaita. Amma ranar da zai koma makaranta, tun da safe Inna take kan turmi tana dakan yaji da dakuwa, wanda ya tambaye ta kuma ta ce marmari ne ya kama ta.

Mijina mutumin Tsafe ne, malamin sikeli a injin gurzar auduga na Gusau. Gidan da muke zaune yana tsakanin injin da tashar jirgi. In lokacin auduga ya zo, wani farin abu kamar furfura yake yawo a iska, ya sauka kan miya, ya sauka kan gashin ido. Jirgi kuma in ya shigo ya bar mana baƙin hayaƙin kwal a kan shanya. Malam, mijin nawa, shi kansa duk kakar auduga sai ya yi tari. Don haka babu wanda zai ce maka iskar wurin nan mai kyau ce, ko ni ba zan ce ba.

Da cikina ya tsufa aka zo aka tafi da ni goyon ciki. Na tarar Baba ya yi sabon gini. An rushe tsohon ɗakin jinka inda Inna ta yi jegonmu duka, an tayar da soro mai azara da rufin ƙasa, da ƙofar katako, da 'yar taga guda wadda hannu biyu za su rufe. A ciki an gina gadon ƙasa mai kogon wuta a ƙarƙashi, saboda ni. Mata suka riƙa zuwa kallo. Inna tana cewa, "Wanga ɗaki ko iska ba ta da hanyar shiga." Yabo take yi.

Na sauka a farkon ɗari, an gama kwashe gero. Namiji ne, ƙato, da sumarsa baƙa wuluk kamar an shafa mata mai. Tun ran nan Inna ta ce ta yi sabon ango. Ta ɗauke shi ta yi rawa, ta ce masa ragon miji wanda bai kawo kuɗin cefane ba sai barci. Duk abin da ba ta iya yi wa nata ɗan ba, a kan nawa ta zuba shi. Ni kuwa yanzu kunyar ta dawo kaina. Ba na ɗaukarsa gaban mutane sai an miƙo mini, in ba shi nono ina duban bango. Sai an fita an bar mu nake kallonsa yadda nake so. Na san maɗigarsa yadda take harbawa. Na san ɗan baƙin tabon da ke bayan kunnensa na hagu, wanda ko Inna ba ta lura da shi ba.

Jego aka yi mini na gaske. Safe da yamma ruwa mai tafasa da ganyen runhu, kunun kanwa, ƙauri da yaji, sannan in hau gadon nan ana ta tura masa itace. Wuta ba ta mutuwa a ɗakin.

Bayan suna da 'yan kwanaki Yaya ya zo hutu. Namiji ba ya shiga ɗakin maijego, saboda haka a bakin ƙofa ya tsaya.

"Auta, an ce kin haifo mana sarkin ci."

Na rufe fuska ina dariya. Gwaggo ta fita da yaron ta nuna masa. Da ya gama yi masa addu'a sai ya zaro wani farin ƙyalle daga aljihu, yankin alawayyo sabo, faɗinsa kamar tafin hannu biyu, an ɗaura masa zare a kusurwa. Ya ba Gwaggo.

"Mi ne ne wanga? Layar boko?"

"Aikin makaranta ne, Gwaggo. A rataye mini shi sama, kusa da gado. Zan je Sakkwato, in na dawo in karɓa."

"To mi shika yi?"

"Ba ya komai. Zama kawai zai yi."

"Ashe irin ubanku ne," in ji Gwaggo. Har Baba da ke alwala a tsakar gida ya yi dariya.

Iyakar bayanin ke nan. Wa zai tsaya yi wa tsofaffi bayanin aikin makaranta? Wadda ɗakin yake hannunta kuwa, ba ya iya magana da ita. Gwaggo ta shigo ta ce wa Inna, wadda ta riga ta ji komai da kunnenta, "Yac ce amana ce, shina dawowa shi amsa." Inna ba ta bar kowa ya rataye shi ba. Ita ta jawo turmi ta kifa, ta hau, ta ɗaura zaren a jikin azara.

Ina kwance ina kallonsa kullum, tunda ba ni da abin kallo. Bai jima ba ya zama kamar ruwan toka. Kafin mako ya zagayo ya koma kamar gindin tukunya. Inna ta tsaya ƙarƙashinsa ta riƙe haɓa.

"Kayan makaranta, kayan da Bature zai gani, mu maida mashi haka? A ce gidan su wane ƙazamai ne?"

A gidanmu ba a mayar da kayan aro da dauɗa. Ko ludayi ka aro wurin maƙwabta, sai ka wanke shi fiye da naka kafin ka mayar. Inna ta kwance ƙyallen, ta wanke shi da sabulun salo, ta sake wankewa, ta shanya a kan igiya. Ina hango ta ta ƙofa. Da ya bushe ta waiga hagu da dama, ba ta ga kowa ba, sai ta kai shi fuskarta ta daɗe a haka. Ban taɓa ganin ta taɓa wani abu nasa da hannunta ba sai ran nan. Abin ya yi mini daɗi har na ji ƙwalla. Ta mayar da shi ta rataye, kuma duk sanda ya yi baƙi haka take yi masa.

A tsakanin nan yaron ya fara tari. Da farko ɗan kaɗan, kamar ya ƙware. Daga baya in yana numfashi sai in ji wani kuka a ƙirjinsa kamar na ɗan kyanwa. Na buɗe masa riga na ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki in ya ja iska. In na share masa hanci da bakin zanena, baƙi yake fitowa. Ni ma in na tofar da yawu haka, idona kuma kullum cikin ruwa. Wani abu kuma da na lura: da hantsi in aka fitar da shi tsakar gida wanka, kukan ƙirjin yakan lafa, ya buɗe ido yana kallon kaji. Da an dawo da shi ciki sai ya tashi.

Na faɗa wa Gwaggo a hankali, muna mu biyu.

"Ke! Ɗan fari? Har kin san hancinai da ƙirjinai? Yaran zamani, Allah shi kyauta. Mu da munka haihu ba mu san ko ɗan yana da kunne ba sai da ya yi tafiya."

Ta kai maganar wurin Inna a matsayin abin dariya. Inna ba ta yi dariya ba, don ita ma ta ji tarin. Ta ce sanyi ne ya kama mata miji. Maganin sanyi kuwa wuta. Aka ƙara itace. Ta cusa tsumma a tagar nan, ta rataye tabarma a bayan ƙofa. Ta shafa masa man shanu da tafarnuwa, aka karɓo rubutu aka ɗiga masa. Ba ta zauna ba, ba ta yi barcin rana ba. Na ce mata, "Inna, hayaƙin nan fa?" Ta ce, "Duk cikin wuta na haihe ku, wa ya mutu?" Gaskiya ta faɗa. Sai dai na tuna tsohon ɗakinmu na jinka, yadda in ka tsaya a waje za ka ga hayaƙi yana tsattsafowa ta cikin ciyawa yana tafiya abinsa. A soron nan in ya tashi ya bugi rufi sai ya dawo, ya kwanta daidai tsayin gado. Na ga wannan da idona, amma ban san yadda zan ɗora shi a kan maganar uwata ba.

Sai na sa raina ga arba'in. Malam yakan zo a kan kekensa ranar da ba aiki, ya tsaya bakin ƙofa mu gaisa. Na faɗa masa. Ya ce da na yi arba'in zai mayar da mu Gusau, washegari sai asibiti. Da wannan nake kwana nake tashi.

Ana gab da arba'in Yaya ya dawo. Tun da aka ce yana hanya Inna ta yi wa ƙyallen wankin ƙarshe. Gwaggo ta kai masa shi a ninke a kan faifai. Maza suka zauna a zaure, shi da Baba da Malam, suka daɗe. Abin da aka yi a can ban sani ba a lokacin. Gwaggo ce ta shigo da labari tana washe baki.

"Kwance kayanki, ɗiyata. Yayanki ya auna iska. Yac ce ta Gusau guba ce ga jinjiri, ta Tsafe ma ba ta da kyau. Duk ƙasar ga babu iska irin ta ɗakin ga. Sai an gama auduga ki tahi."

Na ce, "Da me ya auna?"

"Da ilimi mana! Da mi kike so shi auna, da ƙwarya?"

Na ɗauka wani ƙarfe ne da shi irin sikelin Malam, ko gilashi irin na likita. Ko a mafarki ban kawo ƙyallen da ake wankewa a gabana ba.

Yaya ya zo bakin ƙofa da kansa. Muryarsa cike da murna.

"Auta, ki yi haƙuri ki ƙara zama. Tarin nan, in kika kai shi kusa da injin, ƙaruwa zai yi. Nan ya fi masa."

Inna tana zaune a gefen gado. Na yi ƙarfin hali na ce, "Yaya, hancinsa baƙi yake fitarwa."

"Ji mara kunya!" in ji Gwaggo. "Gaban uwatta!"

Yaya ya yi dariya ya ce, "Auta ta zama uwa." Ya juya. Ran nan Baba har masallaci ya ba da labari, don karo na farko ke nan da karatun ɗansa ya yi aiki a cikin gidansa. Inna kuwa, da aka maimaita mata cewa ɗakinta ya fi ko'ina, sai ta dubi murhu ta ce, "A gaya mashi Allah shi yi albarka." Ban taɓa ganin fuskarta ta yi haske haka ba.

Na yi arba'in, na daina wanka, amma ba a kashe wuta ba, saboda yaron. Ya fara kasa shan nono. Ya kama, ya ja sau biyu, ya saki don ya yi numfashi, ya yi kuka mara ƙarfi, ya sake kamawa. Cinyoyin nan da mata suke tsokana suka zube. Na aika wa Malam. Ya aiko cewa ya gaya wa babbansu, zai samo mota ranar hutu, iskar Gusau ko ba iskar Gusau ba.

Ba mu kai ranar ba. Wata safiya da hantsi Inna tana riƙe da shi kusa da kogon wuta, na ga leɓunansa sun koma shuɗi, launin baban rini. Ban san sanda na miƙe ba. Na sa hannu na ɗauke shi daga cinyarta, abin da ban taɓa yi ba, na ture tabarmar ƙofa na fita. Na zauna a rana jikin rumbu. Ya buɗe ido. Ya dubi sama, ya dubi ganyen tsamiyar gidanmu yana motsi, numfashinsa ya yi sauƙi, har na ce a raina ga shi nan, ya dawo. Na kira sunansa a fili, gaban kowa. Ya ja iska a hankali, ya sake ja, ina jiran ta gaba.

Gwaggo ce ta ɓanɓare hannuna. Kafin Malam ya iso an kai shi. Aka ce mini in yi haƙuri, ɗan fari ne, yarinya ce ni, wasu na tafe, kuka ba nawa ba ne. Inna ita aka bari ta yi kuka, tana faɗin mijinta ya tafi bai sallame ta ba. Ni ina zaune a ƙurya, nono yana zuba yana jiƙa mini zane.

Na koma Gusau. Auduga ta ƙare, zafi ya zo, ruwa ya sauka. Da damina Yaya ya zo dogon hutu, na je Bungudu gaishe shi. Soron nan aka ba shi ya sauka, tunda shi ne ɗaki mafi kyau a gidan. Shigarsa ta farko ke nan. Washegarin zuwana da safe ya aiko in zo. Na same shi tsaye a tsakiyar ɗakin yana kallon sama. Azara duk ta yi baƙi ƙirin da kunkunniya, guntun zaren yana nan a ɗaure.

"Auta, a nan aka rataye ƙyallena?"

"Nan ne."

Ya goga yatsa a bango, ya duba, ya nuna mini. "To yaya aka yi ya fito fari?"

Na ce, "Ai Inna ce take wanke maka shi. Da hannunta, ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Har sunsunarsa take yi in ba kowa." Da murmushi na faɗa. Na daɗe ina so ya san wannan, ina ganin kyauta ce nake ba shi.

Ya zauna a bakin gadon ƙasa. Sannan ya gaya mini abin da aka yi a zaure. Irin ƙyallen nan ya rataye a maƙerar Tsafe, da tashar jirgi, da gidanmu na Gusau, da nan. Abin da iska take ɗauke da shi, shi yake maƙalewa a jikin ƙyallen, kamar yadda yake maƙalewa a ƙirjin mutum. Baƙin shi ne awon. Ya jera su gaban Baba da Malam: na maƙera baƙi, na tasha baƙi, na gidanmu na Gusau toka-toka da gashin auduga, na ɗakin jego fari tas.

Maganar ta daɗe kafin ta shige ni. Da ta shiga, bakin zanena na fara tunawa.

Ya ce, "Sabon alawayyo yana da sitaci. Wanda Gwaggo ta miƙo mini laushi gare shi. Na ji a hannuna, Auta. Ban tambaya ba, don ya ba ni amsar da nake so." Ya ƙara cewa, "Kin kuma gaya mini zancen hancinsa."

Ya ce ba zai rantse hayaƙi kaɗai ne ba, jarirai suna mutuwa da tari ko'ina, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma shi ne ya ce in zauna. Ban iya cewa ba komai ba, ban kuma iya cewa da komai ba. Muna jin Inna a waje tana kiran kaji. Ya ce, "Kada ta ji." Na gyaɗa kai.

A lokacin Inna ba ta daina ba baƙi labarin ba. Duk wadda ta zo sai ta nuna mata soron ta ce an auna, an ce babu irinsa. In ina wurin sai in tashi in tafi ɗebo ruwa.

Yaya ya koma Badun ya sauya aikinsa. Malaminsa Bature yana so ya bi hayaƙin jirgi da na injuna, irin abin da ake bincike a ƙasarsu. Shi ya ce na ɗakunan mata zai bi. Duk hutu yana kan keke, Tsafe, Bilbis, Magami, Kekun Waje. Ya bar ƙyalle shi kaɗai, ya zo da wani ɗan famfo kamar na keke, mai zuƙo iska ta cikin farar takarda mai faɗin kwabo. Mutane suka yi ta magana. Surukata a Tsafe ta ce masa, "Malam, an kai ka Badun ka zama likita, ka dawo kana leƙen madafi?" Ya ce, "Inna, likitan madafi ma likita ne." Ta ce to ya fara da gyara mata murhu. Ya kuwa gyara. Abin da na lura, ba ya rataye komai a gidan kowa sai ya zauna da tsohuwar gidan ya yi mata bayani, ya maimaita, ya sa ta faɗa masa da bakinta. Wani lokaci bayanin ya fi aikin tsawo. Ya ci jarrabawarsa, makarantar ta riƙe shi yana taya malaminsa koyarwa.

Da na sake samun ciki, barci ya ƙaurace mini. Surukata ta ce in zo Tsafe in haihu, ɗakinta na jinka ne. Na so haka. Amma Inna ta aiko, ta sake aikowa, ta ce ta tara itace tun bazara. In na ƙi zuwa, sai ta tambayi dalili. Na tafi Bungudu.

Yaya ya riga ni isa, ya kawo magini. Suka fasa tagogi biyu a sama kusa da rufi, masu fuskantar juna. Ya ce itace a waje za a ƙona shi, sai ya zama garwashi ya daina hayaƙi sannan a shigar. Inna tana tankaɗe a tsakar gida ta ce, "A tambayi wancan yaro ko akurkin kaji zai maida mani ɗaki."

Bai jira Gwaggo ta maimaita ba. Ya zaro sabon farin ƙyalle, ya durƙusa gaban Gwaggo, ya ba Inna baya, ya ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Gwaggo, wannan ƙyalle ƙirjin jinjiri ne. Abin da ya shiga shi, shi ya shiga yaro. In ya yi baƙi, ɗakin ne ba lafiya, sai a rage wuta a buɗe ƙofa. Baƙin nake nema, shi ne karatuna. Kada a wanke, kada a kakkaɓe."

Bai ambaci na farko ba, ko da kalma guda. Gwaggo ta ce, "To, mun ji, likitan madafi." Ita ba ta haɗa komai ba. Ni Inna nake kallo. Rariyar ta tsaya a hannunta, gari yana zuba a gefen ƙwarya ba ta sani ba. Can ta ajiye, ta tashi, ta zaga bayan ɗaki. Har aka kira azahar ba ta fito ba. Ni na ƙarasa tankaɗen.

Mace na haifa. Inna ta sake kifa turmi ta rataye ƙyallen da kanta. An yi ɗari mai tsanani a shekarar, amma ba ta cusa ko tsinke a tagogin ba. Ita take zama a waje tana fifita itace har ya zama garwashi. Kowace safiya ta fito da yarinyar rana. Ba ta yi mata rawa ba, ba ta yi mata wasan jika ba. Na sha ganinta tana share mata hanci da bakin mayafi, sannan ta juya wajen haske ta duba. Ba ta ƙara nuna wa baƙi soron ba.

Bayan arba'in Yaya ya zo karɓa. Yana zaune a tabarma a tsakar gida. Gwaggo ta miƙe za ta shiga ɗaukowa, Inna ta ce ta zauna. Ta shiga, ta fito da shi a kan faifai, ya yi launin toka mara duhu sosai, da ɗan yanar gizo a kusurwa. Ta taka har gabansa ta ajiye. Sannan ta juya ta dubi bango.

"A gaya mashi ban taɓa shi ba."

Gwaggo ta buɗe baki za ta maimaita, ta fasa.

Yaya ya ce, "Na gani, Inna."

Bana da ake ta maganar mulkin kai aka tura shi Ingila ƙarin karatu, kan wannan aikin dai. An ce in ya dawo dakta za a riƙa ce masa, amma ba mai allura ba. Ranar tafiyarsa Inna ta daka yaji da dakuwa kamar kullum, wannan karon ba ta ce marmari ba ne. Da yamma muna ɓarar gyaɗa mu biyu, yarinyata tana bin kaji da kara, sai Inna ta ce, ba ta ɗago ba, "Da kin tahi Gusau ran nan..."

Na ce, "Kwanansa ne ya ƙare, Inna."

Ta ce, "Haka ne."

Muka ci gaba da ɓara. Yarinyar ta yi ɗan tari, ƙila ɓawon gyaɗa ta sa a baki. Mu duka biyu muka miƙe.